Tuwo da Mahaɗinsa: Yadda Masara Ta Shigo Akushin Arewacin Kano

Wanda ya bi hanyar Kano zuwa Ɗambatta a tsakiyar watan Agusta, in ya sauka daga mota ya shiga gonar wani tsohon manomi, da wuya ya tarar da shuka iri ɗaya. Gero ya fid da kai, dawa tana biye da shi, a ƙarƙashinsu wake yana yaɗo, gyaɗa ta rufe kunya, a bakin iyaka kuma ga rama da kuɓewa da yakuwa. A tsakiyar gonar akwai ɗorawa ko kuka ko gawo da aka gada tun kaka da kakanni. Baƙo zai iya ɗauka hargitsi ne. Mai gonar ya san kowane layi da dalilinsa, kuma wannan tsarin shuka na gicci shi ne ya ciyar da ɗaya daga cikin yankunan karkara mafi cunkoson jama'a a Afirka ta Yamma na tsawon ƙarnoni.

Masanin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello sannan ya koma Jami'ar Bayero, ya binciki wannan yanki tun farkon shekarun 1960, shi da abokin aikinsa suka wallafa sakamakon a 1965. Sun tarar ana noma sama da kashi 80 cikin 100 na ƙasar kowace shekara, ba a barin gona ta huta. Abin da ya hana ta mutuwa shi ne taki. A wancan lokaci, da rani jakuna na kai itace birni, su dawo da mangala cike da shara da kashin dabbobi. Awaki da tumaki suna ɗaure a gida duk damina, ana ba su harawa da karmami, takinsu ya koma gona. Bayan girbi makiyaya su sauka da shanunsu su ci kara, su bar wa mai gona abin da ya fi so.

Duk abin da ke cikin gonar nan a akushi yake ƙarewa. Dawa ta zama tuwo, kuka da daddawa su zama miya. Gero ya zama fura, matan Fulani su kawo nono a dama. Wake ya zama ƙosai da alala da ɗanwake, gyaɗa ta ba da mai, tunkuzarta ta zama ƙuliƙuli, a daka shi a yi kwaɗon rama ko na zogale. Bahaushe yana da kalma ga wannan ɓangare na abinci: mahaɗi. Yana kuma da kalma ga tuwon da ya rasa shi: gaya. Cin gaya alamar wahala ce a kowane gida, kuma binciken masana na shekaru ɗari da suka wuce ya nuna abin da ake rasawa ya wuce daɗin baki.

A 1901 wasu masana biyu a Ingila, Frederick Hopkins da Sydney Cole, suka tsamo wani sinadari daga furotin ɗin madara, wanda ake kira tiriftofan. Furotin, wato sinadarin gina jiki, tamkar gini ne da aka yi da tubala iri 20. Jikin mutum yana iya ƙera 11 daga ciki da kansa, sauran 9 dole sai daga abinci, kuma tiriftofan yana cikin waɗannan tara. Shi ne mafi ƙaranci a cikinsu. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya da takwarorinta suka fitar a 2007 ta ce baligi yana buƙatar miligiram 4 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, wato mai nauyin kilo 60 yana neman miligiram 240, abin da bai kai rubu'in giram ɗaya ba. Amma wannan ɗan kaɗan ɗin aikinsa yana da yawa. Da shi jiki ke gina tsoka. Daga gare shi ake samun serotonin, mai hannu a yanayin zuciya da motsin hanji, da melatonin mai daidaita barci. Daga gare shi kuma hanta ke ƙera niyasin, wato bitamin B3, inda kimanin miligiram 60 na tiriftofan ke ba da miligiram 1 na bitamin ɗin.

In aka auna kayan gonar Kano da wannan ma'auni, sai tsarin magabata ya fito fili. Giram 100 na busasshen wake yana ɗauke da kimanin miligiram 290 na tiriftofan, gyaɗa kimanin 250, riɗi ya haura 350. Dawa tana da kimanin 120, gero ma yana nan kusa ko ya ɗara. Masara kuwa ba ta kai 70 ba. Gyaɗa tana da wani ƙarin alheri: giram 100 nata yana da niyasin kusan miligiram 12, alhali buƙatar baligi a rana ba ta wuce 14 zuwa 16 ba. Yaron da ya sayi ƙuliƙuli a hannun 'yar talla ya tauna a hanyar makarantar allo ya samu rabo mai tsoka ba tare da ya taɓa jin sunan bitamin ba.

Gero da dawa da wake 'yan gida ne. Masu tonon tarihi sun samo gero da aka noma a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali kimanin shekaru 4,500 da suka wuce, kuma har yau Nijeriya ce kan gaba a noman wake a duniya, Nijar tana biye. Gyaɗa da masara kuwa baƙi ne, dukkansu daga nahiyar Amurka suka tsallako bayan shekarar 1500. Sunan masara ma, kamar yadda masana harshe da dama suke gani, yana nuni da Masar, hanyar da ake jin ta biyo ta iso ƙasar Hausa. Sai dai baƙin nan biyu ba irin tarba ɗaya suka samu ba.

Gyaɗa ta samu gindin zama da wuri. Lokacin da layin dogo ya iso Kano a 1911, Turawan mulkin mallaka auduga suke kwaɗayi saboda masaƙun Ingila. Manoman Kano suka zaɓi gyaɗa, kuma tun kakar 1912 ta cika tashar jirgi har aka rasa inda za a sa ta. Farashinta ya fi, tana shiga tsakanin gero da dawa ba tare da ta kore su ba, tana gyara ƙasa, harawarta abincin dabba ce, kuma in shekara ta yi tsanani ana iya cin ta, abin da ba a yi da auduga. Ba a jima ba aka ga amfanin wannan lissafi, domin a 1913 ruwa ya yi ƙaranci, yunwar Kakalaba ta biyo baya a 1914. Daga baya fatake irin su Alhassan Ɗantata suka mayar da cinikin gyaɗa babbar harka, aka riƙa jera dalar gyaɗa mai buhu har 15,000 kowace. Mafi yawanta ƙetare ta tafi, gaskiya ne, amma abin da ya rage a ƙauyuka ya isa matan aure su riƙe sana'ar matsar mai da suyar ƙuliƙuli a cikin gidajensu.

Masara ta daɗe a matsayin shukar bayan gida. Ana sa ta inda ake zubar da toka da shara, ta nuna kafin gero, a gasa ko a dafa a rage zafin tsakiyar damina lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Ba wanda yake cika rumbu da ita.

Wannan tsare ta da aka yi a bayan gida ya kare ƙasar Hausa daga wata masifa da ta auka wa wasu ƙasashe. A 1735 wani likita a arewacin Sifaniya, Gaspar Casal, ya bayyana wata cuta a cikin talakawan da masara ta zame musu abincin safe da dare. Fatar wuya da bayan hannu da ƙafa, duk inda rana ke bugu, sai ta yi ja, ta yi baƙi, ta yi kaushi tana saɓulewa. Sai gudawa ta biyo, sai ruɗewar hankali, daga nan sai kabari. A Italiya aka raɗa mata suna felagara, ma'ana fata mai kaushi. A kudancin Amurka, inda talakawa ke noman auduga zalla a gonakin haya suna cin garin masara da kitsen alade da ruwan rake, ta kama mutane kimanin miliyan 3 tsakanin 1906 da 1940, ta kashe kusan 100,000. An daɗe ana zaton annoba ce mai yaɗuwa, har sai da likita Joseph Goldberger, daga 1914, ya nuna cewa in aka ƙara wa marayu madara da ƙwai da nama da wake cutar tana ɓacewa. A 1937 Conrad Elvehjem ya gano niyasin ne maganin, a 1945 aka tabbatar tiriftofan ma yana yin aikin. Matsalar masara biyu ce: tiriftofan ɗinta kaɗan ne, niyasin ɗin da ke cikinta kuma a ɗaure yake, hanji ba ya iya tsotsarsa. Mutanen Meziko, masu masarar tun asali, suna dafa ta da ruwan farar ƙasa ko toka ta kwana a jiƙe, hakan yana kwance niyasin ɗin. Waɗanda suka ɗauko irin ba su ɗauko dabarar ba.

Misalin da ya fi kusa da gida ya faru a Malawi a 1990. 'Yan gudun hijirar yaƙin Mozambik suna karɓar rabon garin masara da ɗan wake da gyaɗa. Sai gyaɗar ta yanke na wasu watanni. Kafin shekara ta ƙare an ƙidaya sama da mutum 18,000 da cutar ta kama, mata suka fi yawa. Abin da ya tsaya tsakanin waɗannan bayin Allah da ciwon bai wuce ɗan dunƙulen gyaɗar da ake sayarwa a kowace tashar mota a Bichi ko Minjibir ba.

Kada a ɗauka dawa ita kaɗai ta isa kariya. A yankin Haidarabad na Indiya likitoci sun ga felagara a cikin talakawan da dawa ce kusan duk abincinsu. Kowane hatsi, in aka bar shi gaya, yana da giɓin da yake bari, musamman na wani tubalin da ake kira laisin, wanda wake ke da shi a wadace.

Juyin da ya sauya akushin arewa ya zo ne a shekarun 1970, kuma abubuwa da dama suka haɗu a lokaci guda. Farin 1972 zuwa 1974 ya karya manoma da makiyaya. A 1975 cutar kuturtar gyaɗa, wadda ƙananan ƙwari ke yaɗawa, ta lalata kimanin hekta 700,000 a arewacin Nijeriya, dalar gyaɗa ta zama labari. A daidai wannan lokaci cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta fito da sabon irin farar masara mai yawan yabanya, shirin bunƙasa noma na Funtuwa da aka fara a 1975 da tallafin Bankin Duniya ya yaɗa shi, gwamnati mai kuɗin man fetur ta zubo takin zamani da rangwame. A farkon shekarun 1980 hukumar bunƙasa noma ta KNARDA ta kawo irin wannan aiki jihar Kano. Masara ta mamaye kudancin Kano da Kaduna da kudancin Katsina, inda ruwa ya fi yawa.

Ƙasar jigawa ta arewacin Kano ba ta karɓe ta da sauri haka ba. Daminar Ɗambatta da Makoɗa da Kunci gajeriya ce, masara kuma ba ta da haƙurin gero in ruwa ya ɗauke, ba ta kuma yi sai da taki mai yawa. Ta kasuwa ta shigo. Kasuwar Dawanau da ke ƙaramar hukumar Dawakin Tofa, wadda aka kafa a 1985 ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin hatsi a Afirka ta Yamma, tana sauke masarar kudu buhu-buhu, 'yan kasuwar ƙauye su rarraba ta kwano-kwano. Injin niƙa ya sauƙaƙa wa mata aikinta. Tuwonta fari ne, yana da laushi, yana da auki, yara sun fi son sa a kan jan tuwon kaura. Daga baya aka samu iri mai saurin nuna da kuma noman rani a bakin madatsun ruwa irin su Watari da Tomas, ta samu gurbi a gonakin arewa ma. Manomi da yawa yau yana sayar da wakensa da gyaɗarsa tun kaka saboda sun fi daraja, ya biya bashi, ya yi hidimar aure ko suna, sannan ya sayo masara ya ciyar da gida har zuwa wata damina. Ba wauta ba ce, lissafin mai ƙaramin ƙarfi ne. Amma sakamakonsa shi ne mahaɗi ya tafi birni, gaya ya zauna a ƙauye.

Akwai kuma maganar surfe. Don tuwo ya yi fari tas, ana surfe masara har ƙwayar idonta ta fita cikin dusa, alhali a wannan ƙwayar furotin mafi inganci yake. Akuya ce ke cin ɓangaren da ya fi amfani. A tukunyar miya ma ɗan dunƙulen ɗanɗano, wanda gishiri ya fi yawa a cikinsa, ya rage wa daddawa matsayi, ita kuwa kalwa kusan kashi ɗaya bisa uku nata furotin ne. Abin da ake sawa a miya ba shi da yawa, amma kullum ake sa shi, shekara da shekaru. Ɗorawar ma tana raguwa, ana sarewa ba a dasa wata.

Masu binciken noma ba su zauna ba. A 1963 masana a Jami'ar Purdue ta Amurka suka gano wani nau'in masara mai yawan laisin da tiriftofan, sai dai ƙwayarsa tana da taushi, ƙwari na cinye ta. Evangelina Villegas 'yar Meziko da Surinder Vasal ɗan Indiya suka shafe shekaru a cibiyar binciken masara ta CIMMYT suna gyara shi har ya yi ƙwari, aikin da ya sa aka ba su babbar lambar yabo ta abinci ta duniya a 2000. Gana ta fitar da nata a 1992 da suna Obatanpa, wato uwa mai kyakkyawan reno a harshen Akan. Ƙungiyar Sasakawa, wadda ta fara aiki a Kano da Kaduna a farkon shekarun 1990, ta yi ta tallata shi, kuma a 2005 Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar da shi da suna SAMMAZ 14. Tiriftofan ɗinsa ya kusan ninka na masarar da aka saba. Cikas ɗinsa ɗaya ne mai girma: a ido ba a bambanta shi da sauran masara, don haka kasuwa ba ta ba shi ƙarin farashi, kuma in aka shuka shi kusa da wata masarar ya yi barbara da ita, ingancin yana raguwa. A ɓangaren wake, IITA ta buɗe tasha a Kano da gonar gwaji a Minjibir, inda masana irin su B. B. Singh suka yi aiki kan tsofaffin iri na gida kamar ɗan ila da kanannado, suka fito da masu saurin nuna da masu jure wuta-wuta, waɗanda ke ba da ƙwaya da harawa a lokaci guda. Abin lura shi ne bayan duk gwaje-gwajen, tsarin da suka ba manoma shawara a kai na haɗa layukan hatsi da na wake ne a gona ɗaya.

Matan yankin su ma sun yi nasu gyaran ba tare da jiran kowa ba. Awarar waken suya, wadda ta bazu a ƙasar Hausa a 'yan shekarun da suka gabata, yau tana kowane lungu, kuma ita ce naman talaka a ƙauyuka da yawa. Garau-garau ya riƙe wake a kwanon ɗalibai da 'yan ƙwadago. Kunun yara na gero da waken suya da gyaɗa, wanda ma'aikatan lafiya ke koya wa masu jego, tsohon haɗi ne a sabuwar riga. Ko ɗan ƙunshin abincin asibiti da ake ba yara masu tamowa, wanda da shi da sauran magani ƙungiyar likitocin MSF ta kula da yara sama da 60,000 a Nijar a yunwar 2005, akasarinsu a jihar Maraɗi, gyaɗa ce da madara da mai da sukari aka ƙara wa bitamin.

Duk da haka, binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna sama da rabin yaran jihar Kano 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. Dalilan suna da yawa: gudawa, zazzaɓin cizon sauro, rashin tsaftataccen ruwa, haihuwa kusa-kusa, talauci. Ba za a ɗora wa masara laifin duka ba, kuma ba a ga annobar felagara a nan irin ta Malawi ba, domin har yanzu akwai ragowar mahaɗi a yawancin gidaje. Amma yaron da aka yaye a kan kokon masara zalla, ba gyaɗa ba nono, yana cikin wannan adadi, kuma uwarsa ba ta rasa ƙauna ba, kuɗin mahaɗi ta rasa.

Maganin ba ya cikin kwalba. Ana sayar da ƙwayoyin tiriftofan a ƙasashen waje da sunan maganin barci da damuwa, kuma a 1989 wani gurɓataccen kaso daga wani kamfani guda ya jikkata sama da mutum 1,500 a Amurka, ya kashe fiye da 30. Mai cin wake da gyaɗa da nono da ɗan kifi ko ƙwai ba ya buƙatarsu. Wanda kuma ya ga fatar wuyansa da bayan hannunsa suna baƙi suna saɓa tare da gudawa mai naci, musamman in yana shan maganin tarin fuka, asibiti ya kamata ya nufa, domin ciwon yana warkewa da sauri in an ba da niyasin a kan lokaci.

Kakar bana, lokacin da dillalai za su zagayo ƙauyukan Gezawa da Tsanyawa da Bagwai da buhunansu da kuɗi a hannu, maigida ya ware wa gida kwanukan wake da gyaɗa kafin ya auna na sayarwa, ya adana su inda ƙwari ba za su shiga ba. Uwargida ta rage surfen masara, ta riƙa gauraya ta da gero ko dawa, ta sa ƙullin gyaɗa a kokon yaron da ake yayewa. Malaman gona kuma, in za su raba irin masara, su raba shi tare da irin wake.